Yadda Na Nema wa Rongrong Likitan Haihuwa

Duk birnin Chengdu babu likitan da ya sa farar riga wanda bai san sunana ba. Ku tambayi kowa a unguwarmu. Ni ne Pu Changgui, kuma sama da shekara ashirin na yi ina sayar da kwandunan lemo da tuffa a ƙofar babban asibitin da ke bayan gada. Duk mai shiga dubiya sai ya bi ta gabana, duk likitan da zai fita cin taliya da rana sai ya taka inuwata. Wasu har ɗaga mini kai suke yi. Akwai wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni ƙarfe nawa. Irin wannan sanayya ba a samun ta a banza.

Shi ya sa ban ko gyara zama ba ranar da 'yata Rongrong ta kira daga Shenzhen, inda take aiki da mijinta, ta ce mu sa wayar a tsakiya tana da magana.

"Mama, Baba, ina da ciki. Bai kai wata biyu ba."

Matata Suhua ta rufe fuska da tsumman goge tukunya ta fara kuka. Ni kuwa na ce ai dama na yi mafarkin kifi, alamar samun ƙaruwa a wajenmu, ko da yake a gaskiya barci na yi kamar dutse.

Rongrong ta ce a gida take so ta haihu, ta yi zaman jegonta na wata guda tana shan miyar uwarta. Sai dai dole a buɗe mata fayil a asibiti kafin cikin ya wuce wata uku, domin kowane asibiti yana da iyakar masu haihuwar da zai ɗauka a wata, in gurbi ya cika ya cika. Kuma likitan ya zama na mata da haihuwa na gaske, mai lasisi.

"Sannan, Baba, ka saurara da kyau. Katin inshorata na Shenzhen ne. Ba kowane asibiti ke karɓar katin wani lardi ba. A tambaya tukuna."

Daga bayanta surukina Kuang ya saka baki. Yaron kirki ne, illarsa ɗaya, ya ɗauka duk duniya a cikin waya take.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. Zan duba a waya, a daren nan ma sai in gama."

"Waya?" na ce. "Jikana za ka nema wa likita kamar mai odar soyayyar kaza? Ajiye wayar nan, ɗana. Ni mutane gare ni."

Da aka kashe waya Suhua ta kama kunnena, ba da wasa ba.

"Tsoho, buɗe wannan ka ji. Bara mun yi gaggawar faɗa, har mutane suka kawo 'yan safa, cikin bai zauna ba. Ka ga yadda yarinyar nan ta koma. Bana babu wanda zai ji sai wata uku ya cika, kamar yadda iyayenmu suke yi. Ko kyanwar gidan nan ta ji, daga bakinka ne."

Na ce bakina rufaffiyar tukunya ce. Ta ce ta san tukunyar, ita ke wanke ta.

Washegari na sa jaket ɗina na zuwa biki na nufi babban asibiti. An canja mai gadi, shi ya sa bai gaishe ni ba.

"Malam, ina zuwa?"

"Wajen abokina, Likita Yong."

"Kana da lamba?"

"Ni da shi ba ma buƙatar lamba."

"To shi yana buƙata. Ga na'ura can."

Likita Yong shi ne wanda ya tambaye ni ƙarfe nawa. Ban taɓa sanin ɓangarensa ba, amma likita ai likita ne, duk a ɗaki ɗaya suke cin abinci. Na ciri lamba na hau bene. A bencin ƙofarsa babu mace ko ɗaya, duk tsofaffi ne irina, kowa ya matse ƙafafu yana kallon silin. Na ce a raina, ashe ba ni kaɗai na zo yi wa 'yata kamun ƙafa ba.

Da aka kira ni, bai ko ɗago kai ba.

"Sau nawa kake tashi fitsari?"

"Likita, ni ne fa. Pu, mai lemo."

"Lemo ba ya kawo wannan. Hau gado, ka juya ka kalli bango."

"A'a, wata 'yar magana ce ta kawo ni..."

"Kowa da 'yar magana yake zuwa. Sassauta wando."

Ina jin ƙarar safar hannu na gane an yi nisa. Abin da ya biyo baya ba zan faɗa ba, sai dai in ce a shekara ashirin na abotarmu ba mu taɓa kusantar juna haka ba. Ya ce akwai ɗan kumburi, ya rubuta magani. Ina ɗaura bel na samu na tambaye shi ko zai yi mini hanya a ɓangaren haihuwa.

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"A shekarunka?"

Ya ce ginin haihuwa yana can baya, kuma rabonsa da shi tun yana ɗalibi. Na je. Matar da ke taga ta tambayi watan haihuwa, na faɗa, ta yi dariya ba tare da ta buɗe baki ba. Ta ce gurbin watan nan ya cika tuni, masu hankali ranar da suka ga layi biyu a tsinken gwaji suke zuwa, wasu da silifas ɗin wanka.

Ina fitowa da ledar magani mai ɗauke da sunan ɓangaren maza da manyan haruffa, sai ga Inna Miao. Ita ce shugabar matan da ke rawa a dandalin unguwa da yamma, kuma duk abin da ya shiga idonta da safe, kafin a ɗora shinkafar rana ya zaga unguwa. Ciwon gwiwa ya kawo ta.

"Malam Pu! Daga ginin haihuwa? Wa ya haihu?"

"Ɓatan hanya na yi."

Ta dubi ledar, ta dube ni, ta sake duban ledar. "Ɓatan hanya kam, da alama."

Da rana na tafi gidan shayinmu na bakin kogi. Ba taimako na je nema ba, so nake in gwada sanin abokaina. Gong mai tumbi yana zaune mai sakace kunne yana masa aiki, sauran suna garwaya ƙwayoyin majon, wasanmu mai kama da karta, a tebur. Na ja kujerar gora, na hura shayina, na ce kamar da wasa, a cikinsu wa ya san ƙwararren likitan haihuwa.

Hannaye suka tsaya a kan ƙwayoyi.

"Kai da ka san likitocin duniya?" in ji Gong. "Rongrong ce?"

Na tuna kunnena. "Wace Rongrong? Ita da aiki ya sha mata kai? Ba ita ba ce."

"To 'yar'uwa Suhua ce?"

Aka kwashe da dariya har mai sakace ya janye ƙarfensa.

"Wata ce dai. Ba ku san ta ba."

"Yarinya?"

"Ba ta kai talatin ba."

"Me ya haɗa ka da ita?"

"Nauyinta a wuyana yake," na ce, "kuma kada wanda ya ji."

Gong ya ajiye kofinsa a hankali. Tunda muke bai taɓa yi mini irin wannan kallon girmamawa ba. Ya matso ya rage murya ya ce akwai wani asibitin kuɗi a bayan tashar mota, takardar tallarsu aka jefa masa a kwandon keke, ba sa yawan tambaya.

"Shege Pu," in ji shi, yana dafa kafaɗata. "Muna nan muna majon."

Na ɗauka yabon hazaƙata yake yi, na ce ai sai a hankali.

Asibitin nan, kai! Ƙasa tana sheƙi, 'yan mata cikin riguna ruwan hoda suna rusunawa, kafin in zauna an miƙo mini shayi. A babban asibiti wa ya ba ni ko ruwa? Kuma bangon nan daga sama har ƙasa jajayen tutocin godiya ne masu gezar zinare, irin waɗanda majinyaci kan kai wa likitan da ya warkar da shi.

Ni ina da hanyata ta tantance likita, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba, domin ban taɓa gwada ta ba sai ranar. Ina duba furfura, in duba yawan jan hatimi a takardar shaida, in duba tuta. Babban likitansu, wani Farfesa mai suna Bai, ya ci duka. Kansa fari fat kamar dafaffiyar shinkafa. Takardunsa a bango har da masu rubutun ƙasashen waje, ga hotonsa tsakanin wasu dogayen Turawa, kowa yana murmushi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya kira ni yaya.

Ban manta da saƙon Rongrong ba. Na tambayi yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ko suna karɓar katin inshorar Shenzhen.

"Kawu, kada wannan ya dame ka. Akwai hanya."

Nan take hankalina ya kwanta, domin ni ma abin da nake gaya wa mutane ke nan.

"Ɗakin haihuwar fa, in gani?"

"Yana sama, ana fenti. Sai dai, Kawu, masu neman Farfesa suna da yawa. Shi yake zaɓar wanda zai karɓa."

A hanyar gida dabara ta faɗo mini, irin wadda sai mai kai. Kowa sai an gama masa aiki yake kai tuta. To in ni na kai tawa tun kafin a fara, da wane ido Farfesa zai ce babu gurbi?

Na shiga shagon mai buga tuta. Ya tambayi ta mece ce, na ce ta haihuwa. Ya ce akwai kalmomin da kowa ke so: hannu mai albarka, ya kawo ɗa gidanmu. Na ce ya zuba.

"Daga wa?"

Na buɗe baki zan ce Rongrong, kunnena ya yi zafi.

"Sa Pu Changgui."

Ya dubi furfurata, ya ƙara girman haruffan.

Ranar da na kai, 'yan matan suka jeru suna tafi. Farfesa ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya, wani ya yi ta ɗaukar hoto. Aka tambayi shekaruna.

"Hamsin da tara," na ce, "amma ƙarfin na ɗan talatin ne."

"Kawu, za mu iya amfani da hoton?"

"Ku yi ta yi. Ku sa shi inda mutane za su gani."

Da yamma na kira Shenzhen na ce an gama. Babban farfesa, tsohon abokina, inshora kuma ba matsala. Kuang ya nemi in ba shi cikakken sunan likitan ya duba lasisinsa. Na ce mutumin da Turawa suka yi hoto da shi ba yaro ne zai bincike shi ba. Rongrong ta ce, "Na gode, Baba," da wata murya mai laushi, har na ji kamar da gaske na yi wani abu.

Makonni suka shuɗe ina tafiya kamar gwamna. Na lura dai matan unguwa sun daina amsa gaisuwata, maza kuma sun fara ba ni sigari ba dalili. Mai sayar da kifi ya ce in gaya masa sunan maganin, ba don kansa ba, don wani ƙaninsa.

Sai wata yamma, bayan cin abinci, na raka Suhua dandali da maficinta na rawa. Tun daga nesa na ga babu mai rawa. An kashe kiɗa, mata sun yi cincirindo a tashar bas da ke fuskantar dandalin, inda allon talla mai fitila yake.

Ni ne a ciki. Tsayina ya fi na bas. Ga jaket ɗin biki, ga haƙorana duka a waje, ga jar tuta da sunana ɓaro-ɓaro. A ƙasa an rubuta: Shekara hamsin da tara, bai makara ba. Kai ma ba ka makara ba.

Gaskiya hoton ya yi kyau. Ban samu damar faɗa ba.

Inna Miao ta taho ta rungume matata. "'Yar'uwa Suhua, mun daɗe da sani, mun rasa bakin gaya miki. Da idona na gan shi da ledar maganin maza. Yarinya ce, ba ta kai talatin ba, shi da bakinsa ya faɗa a gidan shayi."

"Ƙarya ne!" na ce. "Suhua, gaya musu!"

Suhua ta karanta allon daga sama har ƙasa. Ta matso kusa da ni har ina jin ƙamshin tafarnuwar abincinmu, ta yi magana ta cikin haƙora yadda ni kaɗai zan ji.

"In na ce ƙarya ne, za su ce to cikin wa. Saura kwanaki wata uku ya cika. Don haka tsaya nan ka karɓa."

"In karɓi me?"

Mafici ya sauka a ƙeyata.

"Tsohon banza!" ta kwarma ihu. "Shekara talatin ina wanke maka safa!"

"Ƙara masa!" in ji matan.

"A hankali mana," na raɗa mata, "ai wasa ne."

"Wannan na wasa ne," in ji ta, ta sake zuba mini. "Wannan kuma na tutar ne."

Na zaga allon ta biyo ni, na zaga akwatin kiɗa ta biyo ni. Wata ta miƙa mata laima da maficin ya karye. Can gefe na hango Gong a cikin maza, ya ɗaga mini babban yatsa a ɓoye.

Muka shiga gida. Waya ta ɗauka ta ce wa Rongrong su hau jirgin ƙasa gobe, ubanta ya yi aikin da ya saba.

Suka sauka a wani masauki kusa da tasha, don kada 'yan unguwa su ganta a gida ba lokacin hutu ba su fara lissafi. Daga can muka wuce wajen Farfesa, ni a gaba, domin har lokacin ina da yaƙinin in suka ga tutocin nan bakinsu zai mutu.

Kuang bai ko kalli bango ba. Sunan Farfesa ya karanta a ƙofa, ya shigar a shafin hukumar lafiya, ya miƙo mini wayar.

"Baba, likita ne kam. Na cututtukan fata."

"To mai ciki ba ta da fata ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Rongrong ta ajiye katinta a kan teburin karɓar baƙi ta tambayi yarinyar, e ko a'a, suna karɓa? Yarinyar ta ce wato, a biya duka tukuna, daga baya mutum ya je can Shenzhen ya gwada sa'arsa. Ɗakin haihuwa fa? Ana fenti. An taɓa haihuwa a nan? Yarinyar ta ce bari ta kawo shayi.

A bakin titi Rongrong ta tsaya, hannunta a kan cikin da ko tasowa bai yi ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi jin daɗi.

"Baba, ka ce an gama."

Na sunkuya na ɗauki jakarta.

Kuang ya zauna a kan dakalin wani shago ya fara kira. Wannan asibiti ya cika. Wancan ya cika tun tuni. Wani yana da gurbi amma ba ya karɓar katin wani lardi. Rana ta karkata, Suhua tana yi wa 'yarta fifita da karyayyen mafici, ni kuma na riƙe jakunkuna, aikin da ba wanda ya ba ni. Can sai Kuang ya miƙe tsaye. Asibitin mata da yara na gundumarmu, wanda ke bayan kasuwar kayan miya, yana da sauran gurbi, kuma suna karɓar katin in ya yi rajistar sauya lardi a waya. Ya duba lasisin likitan, mai suna Mou, ɓangaren mata da haihuwa. Su zo da sassafe, in an makara ba su da tabbas.

Wannan asibitin kullum ta gabansa nake wucewa sayen barkono. Na sha faɗa a gidan shayi cewa ko kyanwata ba zan kai can ba. Ranar ban maimaita ba.

Da safe Suhua da Kuang suka riga mu tafiya kama layi, aka bar mini ɗauko Rongrong daga masauki. Ta sa hula, ta sa takunkumi, ta sa babbar riga, don kada a gane ta a unguwa. Na riƙe mata hannu muna tsallaka titin kasuwa. Ban san mai sayar da kifi ya gan mu ba.

Rongrong ta shiga ɗakin awo, uwarta da mijinta suna ciki, aka bar ni a baranda da jaka. Ban gama zama ba na ji takun takalman rawa a matakala. Inna Miao ce a gaba, gwiwar ta warke, bayanta mata sun kai rabin dandali, a ƙarshe Gong yana haki.

"Tana ina?"

"Wa?"

"Mai takunkumi! A unguwarmu za ka kawo ta, a gaban kasuwar da matarka ke cefane? Ba inda za mu sai mun ga fuskarta."

"Ni rakiya kawai na yi," in ji Gong, "in ga ko kyakkyawa ce."

Masu ciki da ke kan benci suka gyara zama, wata ta fito da gyaɗa. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce a rage murya, ba wanda ya ji ta. Inna Miao ta naɗe hannun riga ta tsaya a ƙofar ɗakin.

Ƙofa ta buɗe. Suhua ce ta fara fitowa, idonta jajur, tana murmushi. Bayanta Rongrong, ba hula ba takunkumi, ta rungume sabon fayil a ƙirji.

Barandar ta yi tsit, har ana jin mai gyaɗa tana tauna.

"Rongrong?" in ji Inna Miao.

"Inna, ina kwana."

Suhua ta share ido. "Tunda kun taru, ku ji. An auna, wata uku ya cika. Mun ji bugun zuciya, da ƙarfi kamar ganga. An buɗe fayil, katin ma ya shiga."

Ban taɓa ganin alƙali ya koma ungozoma da sauri haka ba. Inna Miao ta kama hannun Rongrong tana cewa kada ta ci kaguwa, kada ta ɗaga hannu sama, kada a buga ƙusa a ɗakinta. Matan suka yanyame ta. Gong kaɗai ne ya matso ya dafa kafaɗata, ya dube ni kamar wanda aka ƙwace wa abu.

"Wato babu yarinya?"

"Babu."

"Maganin fa?"

"Na fitsari ne."

Ya cire hannunsa daga kafaɗata.

To, ni mutum ne da ba ya son ganin aboki cikin baƙin ciki. Kuma da na ga fayil ɗin nan a hannun 'yata, sai na ji ƙirjina ya buɗe, harshena ya dawo mazauninsa. Na gyara jaket na ɗaga murya yadda matan za su ji.

"Ku kuna ganin duk wannan haɗari ne? Shiri ne. Allon nan ni na sa a kafa, don hankalinku ya bar kan yarinyar. Gurbin nan kuwa tun tuni yake a ajiye. Kuna tsammani haka kawai ake samun wuri wajen Likita Mou?"

"Baba," in ji Kuang a hankali.

"Bari, ɗana, ai yanzu ba sirri. Ni da Mou tun muna samari. Dattijo ne mai gemu har nan, ba ya son hayaniya, shi ya sa ya ɓuya a ƙaramin asibiti. Giyar da muka sha tare da shi ta isa ta cika kogin nan. Jiya na kira shi, na ce Tsoho Mou, 'yata ce. Ya ce Changgui, ko gadona ne sai in ba ta."

"Tsoho," in ji Suhua, tana kallon bayana.

"Ke ba ki san shi ba, harkar maza ce."

Wani ya yi gyaran murya a bayana. Na juya. Wata mata ce 'yar gajeruwa cikin farar riga, ba za ta wuce arba'in ba, ta fito da takardar hoton cikin da Rongrong ta manta a tebur. Ta miƙa mata, sannan ta dube ni da kyau, ta nuna sunan da ke maƙale a aljihunta.

"Malam, ni ce Likita Mou."

Na karanta sunan. Na sake karantawa, ko zai canja. Matan dandali duk sun zuba mini ido, Rongrong ta rufe fuska da fayil kafaɗunta suna rawa.

"Likita," na ce, "kai, kin canja ƙwarai."

"E," in ji ta. "Gemun na aske."